Kafa Tsarin Ƙasa na Musayar Bayanan Binciken Lafiya a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana abin da ake nufi da tsarin ƙasa na musayar bayanan binciken lafiya, ta kuma nuna inda ya kamata a aza harsashinsa a Nijeriya. Tun da farko ya kyautu mu rarrabe abubuwa biyu da akan cuɗa. Akwai alƙaluman yau da kullum da asibitoci ke aikawa, watau yawan masu jinya da haihuwa da allurar rigakafi, waɗanda ake tarawa a manhajar DHIS2. Akwai kuma bayanan bincike, watau wane ne ya binciki me, a wane gari, a kan su wa, kuma me ya gano. A kan na biyun ne za mu tsaya, domin shi ne ya fi warwatsuwa.

2.0 Darasi Daga Garki da Kano

Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jihar Jigawa. An yi feshin maganin sauro a ɗakuna, an raba wa jama'a magani, ana ɗibar jininsu a kai a kai ana dubawa. Abin da aka gano bai yi daɗin ji ba: cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina aikin sai ta komo. Duk da haka ba a ɓoye sakamakon ba. An buga shi a littafi a 1980, an adana alƙalumansa, har yau masana lissafin yaɗuwar cututtuka suna komawa gare su.

A 1996 kuwa, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu. Labarin bai bazu ba sai a ƙarshen 2000, da jaridar Washington Post ta Amurka ta buga shi. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ya gama rahotonsa a 2001, amma jama'a ba su san abin da ke ciki ba sai a 2006, a nan ma ta bakin wannan jarida. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Kafin nan an riga an yi wata hasarar da kuɗi ba ya biya, domin lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, wannan gwaji yana cikin hujjojin da masu shakka suka riƙa kafawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Babu mai cewa rajista kaɗai za ta hana ɓarna. Amma da akwai wurin da tilas a rubuta kowane gwaji kafin a fara shi, inda likita ko ɗan jarida ko uban yaro zai iya dubawa, da ba a kwashe shekara huɗu cikin duhu ba.

3.0 Inda Za a Aza Harsashi

Doka dai ba ita ce ta rage mana ba. An fitar da ƙa'idojin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya a 2007, sa'an nan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta keɓe sashe guda ga bincike da bayanai. A matakin nahiya kuma akwai rajistar gwajin magunguna ta Afirka da ke Afirka ta Kudu, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2009. Sai dai irin wannan rajista gwaje-gwajen magani da makamantansu take karɓa, alhali kuwa mafi yawan abin da muke yi ba shi ba ne. Kundayen digiri ne, da na likitoci masu neman ƙwarewa, da rahotannin ƙungiyoyin agaji, da binciken ɗalibanmu na kwalejojin ilimi kan tsabta da abinci a makarantu. Duk malamin da ya taɓa duba aikin ɗalibai ya san yadda kundi kan ƙare: a ɗaure kofi huɗu, a jera a kanta, ƙura ta rufe, baɗi wani ɗalibi ya sake ɗauko batun kamar ba a taɓa yi ba.

A nan ne misalin Barazil yake da amfani. Tun 1967 aka kafa cibiyar BIREME a birnin Sao Paulo don tattara rubuce-rubucen likitanci na Kudancin Amurka, kuma tana cikin waɗanda suka kafa SciELO, taskar mujallu da kowa ke karantawa kyauta ta intanet tun 1998. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne Plataforma Brasil, wadda ta fara aiki a 2012. Ƙofa ɗaya ce da mai binciken da ya shafi mutane yake bi don neman izinin kwamitin ɗa'a. Ke nan ba a roƙon kowa ya kawo bayani. Neman izinin shi kansa shi ne rajistar.

A ganina wannan dabara ce ta dace da mu, tun da yake asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya na jihohi suna da kwamitocin ɗa'a. Abin da ake bukata shi ne kowane izini ya fito da lamba guda daga rajistar ƙasa, kada mujalla ta buga, kada jami'a ta karɓi kundi, sai da lambar. Bugu da ƙari, wanda bai kawo taƙaitaccen sakamakon aikinsa na baya ba, ko da maganin da ya gwada bai yi aiki ba, kada a ba shi sabon izini. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin tun 2005 editocin manyan mujallun likitanci na duniya suka daina karɓar gwajin da ba a yi wa rajista ba.

Sayen kwamfuta shi ne mafi sauƙi cikin aikin. Mai wuyar shi ne albashin ma'aikatan laburare da za su riƙa tacewa da jerawa shekara da shekaru, kuma lalle ne ya fito daga kasafin gwamnati, domin tallafin waje wa'adi gare shi.

4.0 Sirri da Harshe

Musayar bayani ba tallar asirin majinyaci ba ce. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiyar mutum cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Cire suna kawai ba ya wadatarwa, domin a ƙaramin ƙauye, in aka ambaci shekarun mace da unguwarta da cutarta, kowa ya gane ta. Saboda haka taƙaitaccen sakamako ya zama na kowa, ɗanyun alƙaluma kuwa sai da izinin kwamiti.

Saura batun da ya shafi mu mahalarta wannan taro kai tsaye. Mai bincike yakan fassara takardar neman yarda zuwa Hausa, domin ba zai sami jinin mutane ba sai sun amince, amma sakamakon sai ya fito da Ingilishi kaɗai. Ya kamata rajistar ta wajabta shafi guda na bayani cikin harshen waɗanda aka yi binciken a kansu, wanda za a iya karanta wa dagaci da ungozoma, ko a watsa a gidan rediyo. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai an daidaita kalmomi. Kalmar shawara, alal misali, ana kiran cututtuka dabam-dabam da ita, daga mai sa ido ya yi rawaya har zuwa ciwon hanta, kuma mai fassara ba zai iya tsai da ɗaya shi kaɗai ba, sai ya zauna da likita.