Gusau Zuwa Sakkwato: Me Ya Sa Waya Ke Nuna Nisa Iri Biyu?

Duk wanda ya tambayi wayarsa nisan filin jirgin Gusau da na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato zai samu amsa biyu: kimanin kilomita 180 ta sama, fiye da 200 ta ƙasa. Dukkansu daidai ne.

Na farkon miƙaƙƙen layi ne, irin wanda manhajar Google Maps ke zanawa idan aka danna wuri aka riƙe, sannan aka zaɓi auna nisa. Na biyun kuwa kwalta yake bi, ta Bunguɗu, Maru da Talatar Mafara.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin tafiya. Manhajar tana kintace ne da gudun wayoyin da ke kan titi, amma ba ta san inda direbobi ke gudun ratsawa da dare saboda 'yan bindiga ba. Maniyyatan Zamfara, da suka daɗe suna tashi daga Sakkwato, sun san jirgi ba ya jiran wanda hanya ta riƙe.

Mai tikiti a hannu ya sauke taswirar kafin sabis ya ɗauke, ya tambayi direbobin tasha, ya yi sammako.