Kada a Ɗauki Fasinja da Injin da Ya Shekara a Zaure

Duk wanda ke da tsohon injin jirgin ruwa jingine a zaure ko a ɗakin ajiya, a Mada ne ko Wonaka ko Kwatarkwashi ko ƙauyukan Tsafe, kuma yana shirin kakkaɓe shi ya kai bakin ruwa a wannan daminar, ina roƙonsa ya dakata tukuna. Haka wanda ya je Yawuri ya sayo na hannu, aka ja masa igiya sau biyu inji ya yi rugugi, ya ƙirga kuɗi ya ɗauko. Injin da ya yi shekara biyu ko uku a kwance yana iya tashi a tsakar gida, yara su yi ta shewa, sannan ya mutu a tsakiyar kogi bayan minti goma da mata da goyo a cikin jirgi.

Ba a rasa dalilin da ya kwantar da injuna ba. A watan Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a faɗin Zamfara. Mai inji a ƙauye da jarka yake sayen mai, don haka sai ya jingine. Waɗanda suka lallaɓa suka ci gaba, cire tallafin mai na 29 ga Mayun 2023 ya ƙarasa su: lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Yanzu kuma larura ta juyo da mutane. Hanyar mota ta zama abin da ta zama saboda 'yan bindiga, ruwan Agusta da Satumba yana cika rafuka yana shafe mashigai, kogin Sakkwato da ya ratsa Gusau da Bunguɗu yana tumbatsa, gona tana ƙetare, kasuwa tana ƙetare. Mai tsohon inji yana hango kuɗin fito, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi halalinsa.

Sai dai mun ga abin da ruwa ke yi. Ranar 14 ga Satumban 2024 jirgi ya kife da manoma a Gummi suna hanyar gona, sama da mutum 40 suka tafi. A ƙarshen Agustan 2025, a Birnin Magaji, mutanen da ke gudun 'yan bindiga suka cika jirgi ya nutse, aka rasa aƙalla 13. A Ɓagwai ta Kano, 30 ga Nuwamban 2021, aƙalla mutum 29 ne suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah ya ji ƙansu. A waɗannan duka lodi fiye da kima aka fi ambata, ba inji ba. Amma ku tambayi kowane tsohon mai fito abin da ke faruwa idan inji ya ɗauke a tsakiyar igiyar ruwa. Jirgin da ke tafiya yana fuskantar ruwa da goshinsa. Da zarar inji ya mutu sai ruwa ya juya shi ya daki gefensa, mutane su firgita su miƙe tsaye, su karkata ɓangare guda. Jirgin da tazarar bakinsa da ruwa ba ta wuce tafin hannu ba, nan take yake sha. Kuma wanda ya zuba inji a jirgi yakan ƙara lodi, ya daina ɗaukar filafili da gora, tunda a ganinsa ya wuce wannan wahalar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hannun da waɗannan injuna za su faɗa. Mu nan ba Sarkawa ba ne. A Yawuri da Argungu yaro yana tasowa yana ganin yadda ake kwance ƙafar inji. A Mada gwanayenmu masu gyaran babur ne da janareta da injin ban-ruwa, kuma wallahi sun iya aikinsu. Amma babur iska ce ke sanyaya shi. Injin jirgi ruwan kogi yake zuƙa ta ƙasa ya zagaya da shi cikin jikinsa. Bakaniken da bai saba da shi ba, abin da zai fara yi shi ne ya ɗaure shi a jikin benci, ya zuba mai, ya ja igiya don ya ji ko yana da rai. A wannan jan igiyar ake kashe shi.

Ga yadda abin yake. A cikin ƙafar injin, sama da farfela, akwai 'yar robar famfo mai fukafukai, ba ta fi bakin kofin shayi faɗi ba. Ita ke tura ruwa sama. Idan ta daɗe a zaune cikin zafin Zamfara sai ta bushe, fukafukanta su sandare a lanƙwashe, su tsattsage. Ruwa ne kuma ke hana ta gogayya da ƙarfe, shi ya sa in aka tayar da inji a busasshiyar ƙasa, ko sabuwa ce, ba ta kai minti ɗaya ba ta ƙone. Gutsattsarinta su bi hanyar ruwa su toshe ta. Injin ba zai nuna komai a lokacin ba. Sai an ɗora masa nauyi, ya yi nisa da gaɓa, sannan zafi ya taru, fistin ya kumbura ya cije. Daga nan ko wa zai ja igiya ba za ta motsa ba. Saboda haka kada a tsaya duba tsohuwar robar ana cewa ai da sauranta. A cire ta a sa sabuwa, in wani fiffike ya gutsure a nemo guntun har a same shi. Kada a taɓa tayar da inji sai ƙafarsa na cikin durom cike da ruwa. In ya tashi, ido ya koma kan ɗan siririn ruwan da ke tsartowa daga gefensa. Babu shi, a kashe nan take. Wani lokaci zanzaro ne kawai ya yi gini a ramin, a sa siririyar waya a zare, amma sai an tabbatar.

Tun kafin a kai ga durom ma, a cire fulogi, a ɗiga mai kaɗan a cikin silinda, a bar shi ya kwana, sannan a juya kan injin da hannu a hankali. In ya ƙi juyawa kada a sa ƙarfi, ringi ne tsatsa ta kama, ƙarfi karya shi zai yi. In yana juyawa da gurnani, boris ya ci tsatsa, wannan aikin buɗe inji ne gaba ɗaya.

Sai mai. Fetur ba ya jimirin ajiya. Cikin 'yan watanni mai saurin kamawar cikinsa yake tashi, ya bar danƙo ja mai ɗoyi wanda ke toshe ƙananan ramukan kafireta, raɓa kuma ta taru a gindin tanki. Wanda ya jingine injinsa a farkon 2022, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur ɗin nan mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, ya ƙara sa ido, don irin wannan man yana cin roba yana jan ruwa. Mugun abu game da kafiretar da ta toshe rabi shi ne inji zai zauna lafiya a ƙaramar wuta, sai an murɗa masa ya shaƙe, ko kuma ya yi ta gudu da ƙarancin mai. A inji mai zagaye biyu, irin Yamaha Enduro 15 da 40 da suka cika kogunanmu, man shafawa a cikin fetur yake tafiya, ke nan ƙarancin fetur ƙarancin shafawa ne. A zubar da tsohon mai duka, kada a yi tsimin tsarma shi da sabo. A wanke tanki, a kwance kafireta a wanke ta rami-rami, a sauya tiyo da 'yar robar da ake matsawa ta jawo mai. A gauraya da man da aka yi don injin ruwa, mai alamar TC-W3 a jikin gora, ba baƙin man mota ba, ba kuma ragowar da aka juye daga wani injin ba. Yawancinsu kashi 1 ne cikin 50, wato rabin lita a tanki mai lita 25, amma a bi abin da ke rubuce a jikin injin.

Wayoyin wuta su ne aka fi rainawa, alhali nan gobara take. Inji mai igiya ma yana da nasa: kwayil, wayar fulogi, ɗan baƙin akwatin nan da masu babur suka sani da CDI, da makashin gaggawa. Mai makulli ya ƙara da batir da sitata, sannan mai jirgi ya jona fitila da wurin cajin waya. Shekara uku a zaure, ɓera ya yi gidansa a ƙarƙashin murfi ya gwaguyi abin da ya ga dama. Wanda ɓera bai taɓa ba, danshi ya bi ta bakinsa ya ci jan ƙarfen da ke ciki. Daga waje waya lafiya lau, a feɗe robar a ga ciki ya yi baƙi ko kore. Irin wannan ba ta hana wuta wucewa gaba ɗaya, matse ta take yi, wurin ya riƙa zafi har roba ta narke. A yanke har sai an kai inda ƙarfe ke ƙyalli, in ba a kai ba a zare ta duka.

Al'adarmu ta murɗa waya biyu a naɗe da salatif ko leda tana iya wucewa a shago. A jirgi, inda girgiza ba ta tsayawa kuma ruwa na fantsama, haɗin zai saki ya yi tartsatsi. Wayar gida mai silli ɗaya ma karyewa take yi, sai mai silli da yawa. Fis kuma in ya ƙone, dalili ne ya ƙona shi. Wanda ya maye gurbinsa da guntun waya ko takardar kwalin sigari ya cire abu ɗaya tilo da zai tsaya tsakanin batir da gobara. A sa fis daidai ƙarfinsa, kusa da kan batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba.

Me ya sa tartsatsi ɗaya ya isa? Tururin fetur ya fi iska nauyi. A kan babur iska na kwashe shi. Jirgi kuwa kwano ne, tururin yana gangarawa ya kwanta a ƙasa, ƙarƙashin katakon da mutane ke zaune, kuma ko bai kai kashi 2 cikin 100 na iskar wurin ba yana kamawa. Tiyo ɗaya da ya tsage, jarka ɗaya da murfinta bai rufu ba, sai wani ya taɓa kan batir ko ya ƙyasta ashana. Wutar fetur ba ta jin ruwa, watsa mata shi yaɗa ta yake yi, ga kuma fasinjoji yawancinsu ba su iya iyo ba. A ajiye bokitin yashi ko tukunyar kashe gobara a kusa da direba. Kada a gwada wutar fulogi kusa da buɗaɗɗiyar kafireta. Batir ɗin da ya shekara babu caji a ɗauka ya mutu, ko da ya kunna fitila: lafiyayye in ya cika yana nuna 12.6 a mita, in inji na aiki ya haura 13. A ɗaure shi cikin akwati nesa da tanki, wajen haɗawa a fara da jar waya a ƙare da baƙa, wajen cirewa a fara da baƙa. In aka juya su, abin cajin injin ya ƙone a take.

Sauran ba su da wuyar dubawa. A kwance notin ƙasa a tsiyaye man giya, in ya fito fari kamar kokon safe ruwa ya shiga, sai an sauya robobin da ke tare shi. A duba fil ɗin da ke riƙe farfela, a tafi da na ajiya. A sauya igiyar ja. A soka wuƙa a allon bayan jirgi inda ake ɗaure inji, don gara da ruɓa ba sa nunawa ta waje, kuma a ɗaure injin da igiya ta biyu. Makashin gaggawa, wannan jar igiyar da direba ke ɗaurawa a hannu don inji ya mutu in ya faɗa ruwa, shi bakanike ke fara tsinkewa idan wuta ta ƙi zuwa. Malam, don Allah a gyara shi, kada a tsallake shi.

Bayan duk wannan ma ba a kai ga fasinja ba. A sa jirgi a ruwa kusa da gaɓa, mutum biyu da suka iya iyo, da filafili a hannu. A yi ta zagaye awa guda, a ƙaramar wuta da babba, a kashe a sake tayarwa yana da zafi. Sannan a loda buhunan yashi daidai nauyin mutanen da ake niyyar ɗauka a maimaita. Injin da ya yi tari ko sau ɗaya ya koma durom.

Masu unguwanni da dagatai da hakimai, ranku ya daɗe, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa tana Lakwaja, dokarta ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya, amma ba za ta aiko jami'i kowane mashigi a ƙasar Gusau ba. Ku ne a wurin. Duk jirgin da aka ɗora wa tsohon inji, a sa wani dattijo ya shaida gwajin buhunan yashi kafin a ba shi izinin fito, a kuma shata masa adadin mutane da fenti a jikinsa. Limamai su faɗa ranar Juma'a. Ku kuma iyaye mata da ke ƙetarawa da yara, kafin ku sa ƙafa ku duba abu uku da ido da hanci: ruwan nan yana tsartowa daga gefen inji, akwai filafili a cikin jirgi, ba a jin warin fetur a ƙasa. In ɗaya ya ɓace, ku sauka ku jira na gaba, ko da kun riga kun biya.