Jar Fatar Gobir a Kasuwar Gatawa

A kasuwar Gatawa, kamar sauran kasuwannin da ke tsakanin Sabon Birni da Isa, baduku ba ya cika rumfa da kaya. Tabarma ɗaya ta ishe shi: kuben wuƙa, layu, gafaka ta almajirai, takalma 'yan ƙafa kaɗan, sai linzami da ragama idan Salla ta matso. Yana ciniki, basilla na hannunsa.

Ƙarancin kayan ba lalaci ba ne. Fata ba ta son gaggawa. Sai majemi ya jiƙa ta a ruwan toka, ya kankare gashin, ya tsoma ta cikin bagaruwa ta sha ta ƙoshi, sannan a shafe ta da mai, a yi ta murza har ta yi laushi. Jan launi daga karan dafi yake fitowa, baƙi kuma daga kuloko. Wanda ke shirin kai kaya baje koli a Sakkwato ko Maraɗi, tun da sauran makonni yake ware fatun da ba su da tabon wuƙar mahauci, don baƙon birni kan juya jaka ya duba ɗinkin ciki kafin ya ce, "Malam, nawa za ka sallama?"

Fatar kuwa ta jar akuya ce, wadda ake kira 'yar Sakkwato a nan, 'yar Maraɗi a ƙetaren iyaka. A da ita ayari ke ɗauka ya ratsa Sahara, Turawa suka saye ta a hannun 'yan Maroko suka laƙaba mata sunan ƙasarsu. Yau ma kusan haka ne. Dillali ya zuba wa mai kyau gishiri, ya tura ta masana'antun jima na Sharaɗa da Chalawa a Kano, daga can sai Italiya. Abin da ya rage shi baduku ke samu.

Sai kuma hanya. Tun wajen 2019 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, dubban mutane suka tsallaka jihar Maraɗi, aka kora garkunan da fatar ke fitowa daga cikinsu. Rufe iyaka a 2019 da 2023 ya ƙara gishiri a gyambo.

Masu shirya baje koli, rumfar kyauta ba ta wadatar ba. A sama wa badukun Gatawa hanyar da zai bi ya je, ya kuma dawo gida da kuɗinsa lafiya.