Ƙaramar Mesa da Masu Kiwonta: Nazari Daga Ƙasar Kurfai

Mutanen Kurfai ba baƙi ba ne ga ilmin kiwo, domin duk wanda ya halarci kasuwar Filinge ranar Lahadi ya ga yadda dillalai ke duba haƙoran sa da tozonsa kafin a sallama, ko kuwa ya leƙa tashar Tukunus inda aka daɗe ana tace irin shanun Azawak, ya san cewa zaɓen uwa da uba domin kyautata zuriya abu ne da ya zauna daram a wannan kwari na Dallol Boso. Sai dai akwai wani kiwo da samarinmu 'yan ci-rani suke tararwa a Lome da Kwatano da Akara, su dawo suna labarinsa ana yi musu kallon masu ƙarin gishiri, wato kiwon ƙaramar mesa wadda Turawa ke saye su ajiye a ɗaki a matsayin dabbar gida.

Wajibi ne a fara da rarrabewa, don kada tsoron wata ya shafi wata. Babbar mesa, wadda ke zaune a bakin kogi da gandun dajin W, takan kai mita 5, kuma haɗiye akuya ba ya gagararta. Ita kuwa ƙaramar, wadda masana halittu suka raɗa wa suna Python regius, da wuya tsawonta ya zarce mita ɗaya da rabi, ba ta da dafi ko kaɗan, kuma ɗabi'arta idan ta firgita ita ce ta dunƙule kamar gammo, ta cusa kanta a tsakiya, ta jira har abin tsoron ya wuce. Mazauninta ramukan ɓeraye da tsofaffin surin gara, fitarta da dare, kuma Mahalicci, tsarki ya tabbata gare Shi, ya sanya mata waɗansu 'yan ramuka a leɓenta na sama waɗanda take jin ɗumin jikin ɓera da su ko da a cikin duhu ne.

Uwar takan saka ƙwai daga 3 zuwa 11, sa'an nan ta naɗe jikinta a kansu kimanin wata biyu, ba ta ci, har su ƙyanƙyashe. A kan wannan hali ne aka gina fataucin Togo da Benin da Gana: mafarauta su tono mata masu ciki daga ramuka, a ajiye su har su saka, a tura 'ya'yan ta jirgin sama zuwa Amurka da Turai, dubun dubata kowace shekara, a ce kuma an mai da iyayen daji. Yarjejeniyar CITES ta 1973 ta shar'anta takardar izini kafin fitar da su, amma duk da haka a 2021 ƙungiyar IUCN ta sanya ƙaramar mesa cikin halittun da suka kusa shiga haɗari. Abin mamaki, a wannan ƙasa ta Benin ɗin ne, a garin Wida, ake da ɗakin da mabiya addinin gargajiya ke girmama ta.

A Amurka kuwa sun mai da abin sana'ar launi. A 1992 wani mai kiwo, Bob Clark, ya sami nasarar hayayyafa zabiyarta, daga nan masu kiwo suka yi ta haɗa iri da iri, har launukan suka fi gaban ƙirge. A nan ne nake ganin makiyayin Kurfai ya fi su hikima, gama shi ba ya fifita kyan fata a kan lafiyar saniya, alhali su akwai wani launi mai zanen saƙar gizo-gizo wanda aka tabbatar yana tafe da lalurar karkarwar kai, amma ba su fasa hayayyafa shi ba saboda kasuwa na so.

Malamanmu ba su bar wannan babi ba. Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya kawo a Risala cewa macizan da suka bayyana a gidajen Madina ana yi musu gargaɗi har sau uku, kuma yin haka a wani gari ma abu ne mai kyau. Fuƙaha'un Malikiyya kuma sun sharɗanta cewa abin sayarwa ya kasance mai manfa'a, wanda hakan ya sa cinikin maciji domin sha'awa kawai ya zama abin dubawa. Mafi nauyi a wurina shi ne hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Ƙaramar mesa takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mutum, har wata a gidan namun dajin Filadelfiya ta haura 47, saboda haka wanda ya tsare ta ya ɗauki amanar da ka iya wuce ƙuruciyarsa.

To, ƙasarmu fa? Ruwan da Filinge ke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, alhali wannan halitta ta saba da laimar kudu. Busasshiyar iskar hunturu tana hana ta saɓa yadda ya kamata, tsohuwar fata ta maƙale mata a ido da wutsiya. Zafin bazara kuma, wanda kan haura digiri 40, yana iya halaka ta cikin ɗakin kwano, domin ita abin da take so bai wuce 32 ba a gefe mai ɗumi, tare da gefe mai sanyi da maɓoya da kaskon ruwa. Ga kuma ɓera da za a nema mata kowane mako ko biyu, ga yajin cin abinci da takan yi na watanni wanda ke ruɗa marar sani. Bayan wannan duka, dokar Nijar mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta ɗora farauta da tsare namun daji a ƙarƙashin izinin ma'aikatan gandun daji, ko gardi mai wasa da maciji a kasuwa bai fita daga hukuncinta ba.

Abin da ya fi kusa da maslahar manomin Kurfai shi ne ya koyi bambanta kububuwa da kasa da gamsheƙa, waɗanda dafinsu ke kisa, daga macizai marasa dafi da ke rage masa ɓerayen da ke ɓarnar hatsi a gona da gindin rumbu, ya kuma san cewa saran kububuwa maganinsa allurar asibiti ce, a garzaya da mutum tun jini bai fara tsinkewa ba.