Baƙon Kifi Sai Ya Yi Wata Guda A Zaure

A manyan biranen ƙasar nan, musamman Ikko da Abuja da Fatakwal, ajiye kifin ado cikin akwatin gilas ya zama ruwan dare a gidaje da ofisoshi da otal-otal. Wanda aka fi saye kuwa shi ne ɗan jan kifin nan da ake kira kifin zinariya, wanda mutanen ƙasar Sin suka fara kiwonsa fiye da shekara dubu da suka wuce. Kifi ne mai juriya ƙwarai. In ya sami kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15, wani ma da aka yi kiwonsa a Ingila, mai suna Tish, shekara 43 ya yi kafin ya mutu cikin 1999. Amma a gidaje da yawa ba ya ko cinye shekara guda.

Ga yadda abin yakan faru. Mai gida yana da kifayensa lafiyayyu, sai ya ga wani kyakkyawa a shago, ya sayo shi cikin leda, yana isowa gida ya juye shi cikin akwati har da ruwan da ya zo da shi. Bayan kamar mako guda sai a ga fararen ɗige-ɗige a jikin kifayen kamar an barbaɗa musu gishiri, suna goga jiki da tsakuwa, suna haki a saman ruwa. Daga nan sai a fara tsamo gawa ɗaya bayan ɗaya. Laifin kuwa akan ɗora shi a kan abinci, ko ruwan famfo, wani lokaci har a ce kambun baka ne. Baƙon da ya kawo cutar ba safai ake zarginsa ba, domin ranar da aka sayo shi sumul yake.

Wannan cuta ta farin ɗigo wata ƙwayar halitta ce ke kawo ta, wadda wani Bafaranshe mai suna Fouquet ya yi bayaninta tun cikin 1876. Sanin yadda take rayuwa shi ne rabin maganinta. Takan kutsa ƙarƙashin fatar kifi ko cikin kunnuwansa, wato inda yake numfashi, ta zauna tana ci tana girma har ta kai kamar milimita guda, wannan shi ne ɗigon da ido ke gani. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan akwati, ta lulluɓe kanta, ta yi ta rarrabuwa har ta fito da 'ya'ya ɗaruruwa, wani lokaci har su kai dubu. 'Ya'yan nan suna da kamar kwana biyu su sami kifin da za su kama, in ba su samu ba su mutu. Magani kuwa ba ya taɓa wadda ke ƙarƙashin fata, ba ya kuma ratsa wadda ta lulluɓe kanta, sai dai masu yawo a ruwa. Saboda haka wanda ya ga ɗigon ya ɓace ya dakatar da magani ya yaudari kansa, domin a daidai lokacin ne suke hayayyafa a ƙasa.

Zafin ruwa ne ke yanke tsawon wannan zagaye. A ruwa mai zafin digiri 25 a ma'aunin Selshiyas bai fi mako guda ba, a ruwa mai sanyi sosai kuwa yakan wuce wata. A ƙasa mai zafi kamar Nijeriya ke nan cutar tana saurin bayyana, tana kuma saurin kisa. Bugu da ƙari ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar na sanyi, ga kunnuwan kifi sun rigaya sun lalace, to in aka ɗauke wuta cikin dare famfon iska ya tsaya, sai a wayi gari a ga ba daidai ba.

Ba ita kaɗai baƙo ke zuwa da ita ba. Akwai wasu ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani sai da madubin likita, masu maƙalewa a fata da kunnuwa, kuma da wuya a sami kifin zinariya na kasuwa da ba ya ɗauke da su. Na fata haihuwa suke yi, kuma 'yar da aka haifa takan fito da wata 'yar a cikinta. Na kunne kuwa ƙwai suke sakawa, ƙwan kuma ba ya jin magani, shi ya sa ake maimaita magani bayan kamar mako guda. Maganinsu, wato farazikwantal, shi ne dai wanda likitoci ke bai wa yara masu tsargiya, sai dai na kifi yana da nasa awon, ba abin da za a kintata ba ne. Akwai kuma ƙwarƙwatar kifi da wata tsutsa mai kama da zare da ke soke kanta cikin tsoka, su waɗannan ana ganinsu ƙuru-ƙuru.

Hanyar tsira daga duk wannan tsohuwa ce, wato killacewa. Birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrovnik, ya kafa doka cikin 1377 cewa masu zuwa daga wuraren annoba sai sun yi kwana 30 a keɓe kafin su shigo gari. Daga baya aka mai da shi 40, kuma daga kalmar arba'in ta harshen Italiya Turawa suka samo sunan killacewa. Masu kiwon kifi sun tsaya a kan mako huɗu, wasu su kai shida, domin a ba duk abin da ke ɓoye damar ya gama zagayensa ya fito fili.

Zauren baƙon ba ya bukatar ƙawa. Roba mai tsabta mai cin lita 40 ko fiye, wadda ba a taɓa wanki a cikinta ba, ta isa ƙaramin kifi ɗaya ko biyu. Ba a sa tsakuwa, don a riƙa ganin kashi da duk abin da ya faɗo, a kuma zuƙe shi kullum. A sa famfon iska, da ɗan guntun bututu inda kifin zai fake. Raga da bokiti da tiyo kowane wuri da nasa, kuma a fara hidimar tsofaffin kifaye kafin ta baƙo, sa'an nan a wanke hannu, domin ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ƙetarar da cuta.

A nan ne masu kyakkyawar niyya sukan yi kuskure, su kashe kifin da ba cuta ce ta kashe shi ba. Kifin zinariya acici ne mai yawan kashi, yana kuma fitar da gubar amoniya cikin ruwa. A tsohon akwati akwai bakteriya masu amfani zaune cikin soson matata suna narkar da gubar, amma sabuwar roba ba ta da su, kuma kafin su taru akan yi mako huɗu zuwa shida. Dabarar ita ce a riƙa ajiye wani soso na daban cikin babban akwati, ranar da baƙo ya zo a ɗauko shi a sa masa. Soson da ya je can kuwa ba ya dawowa. In babu, sai a riƙa canza wani kaso na ruwan kullum, da ruwan da aka kashe wa kilorin, mai zafi daidai da na ciki.

In farin ɗigo ya fito, gishiri tsantsa magani ne mai arha, kuma wannan kifi yana jure shi. Akan kai giram 3 a kowace lita, wato giram 120 a lita 40, amma kashi uku ake yi, ana sakawa a tazarar sa'a 12 bayan an narkar da shi. Gishiri ba ya bin tururi, don haka ba a ƙara shi sai gwargwadon ruwan da aka zubar. A ci gaba har aƙalla mako guda bayan ɗigon ƙarshe ya ɓace, kuma lissafin mako huɗun nan ya koma farko. Amma ɗura wa lafiyayyen kifi maganin kashe bakteriya da sunan rigakafi ɓarna ce, domin bakteriyar soso ce za ta fara halaka.

Killacewa dai tana da iyakarta. Cikin 1998 aka sami ɓarkewar wata cutar bairos a Isra'ila da Amurka mai kashe kifin koyi, ɗan uwan kifin zinariya, cikin 2003 kuma ta yi mummunar ɓarna a tafkin Kasumigaura na Japan. Bincike ya nuna kifin zinariya yana iya ɗaukarta ba tare da ya nuna alama ba. Wanda ke da koyi masu tsada, gara ya raba musu wuri ɗungurungum.

Ranar da wa'adi ya cika, baƙo yana ci, yana iyo da fikafikai a buɗe, sai a daidaita zafin ruwan biyu a ɗauke shi da raga, a bar ruwansa a baya. Wanda bai kai ba kuwa binne shi ake yi, ba a jefa shi a kwata ko rafi.