Wa Zai Biya Kuɗin Wuta Da Na Yaɓe?

'Yan'uwa, da yawa cikinmu muna kama ɗakin haya a Gwarzo ko Kabo, wasu domin yara 'yan makaranta, wasu domin ajiye hatsin ƙungiya. Kuɗin ɗaki ba ya cika kawo rigima, gama an yanke shi tun farko. Rigima tana cikin abin da ba a faɗa ba.

Gida guda, mita guda. Tun 2013 takardar wuta daga KEDCO take zuwa, ita kuwa ba ta san ɗakin kowa ba. In an raba bisa yawan ɗakuna, gwauruwa mai ƙwai ɗaya za ta biya daidai da mai firij da dutsen guga. Wannan ba adalci ba ne. Gara a ƙirga kayan wutar kowa. Kwasar masai kuma a raba bisa kawuna.

Amma yaɓen soro, gyaran indararo da yasar rijiya, a ganinmu na mai gida ne, don nasa za su zama bayan mun tashi. Ya gama yaɓe kafin damina. In ruwan Agusta ya yoyo kan buhunan dawarmu, wa zai biya?

A rubuta duka a gaban mai unguwa kafin a karɓi mabuɗi, kowa ya riƙe takardarsa.