Kada Mu Tumɓuke Kututture

'Yan'uwa manoma na Kurmin Kogi da sauran ƙauyukan Ikara, Maƙarfi da Kudan, lokacin sassabe ya kusa. Kafin mu wasa gatari, bari mu yi shawara.

Kowa ya ga yadda damina ta sake hali. Ruwa yakan sauka mu yi shuka, sa'an nan ya ɗauke mako biyu ko uku, masara ta bushe tun tana ƙarama. In ya dawo kuwa, sai ya zo da ƙarfi ya kwashe ƙasar sama. Takin zamani kuma ya yi tsada. Ba mu da iko da hadari, amma muna da iko da gonarmu. Gona mai itatuwa ta fi riƙe laima, gama inuwa tana rage zafin ƙasa, ganyen da ya zuba ya zama taki, saiwa kuma ta kama ƙasa.

Da yawa sun dasa itatuwa, awaki da rani suka cinye. Akwai wata hanya mai sauƙi, daga maƙwabtanmu na Maraɗi a Nijar ta fito. A 1983 wani malamin gona na mishan ɗin SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake sarewa kowace shekara toho ne na kututturen manyan itatuwa, saiwarsu tana nan da rai. Bayan yunwar 1984 manoma suka fara barin tohon suna gyara shi. Suka kira aikin sassabin zamani. Bayan shekara 20 aka ƙiyasta an rayar da hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ruwan da Maraɗi ke samu kusan rabin namu ne, gama mu a ƙasar Zazzau mukan sami milimita 1,000 ko kusa da haka a shekara.

Ga yadda ake yi:

1. Mu zaga gona mu zaɓi kututture masu amfani, kamar gawo, ɗorawa, kaɗanya, marke da kalgo. A fara da 15 ko 20 a eka ɗaya.
2. A kowane kututture mu bar toho 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, mu sare sauran.
3. Adda ta kasance da kaifi, a yi sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage.
4. Mu ɗaura tsumma a jiki, domin mai neman itacen wuta ya san da mai shi.
5. Kada a tara karan ƙonawa kusa da su. Bayan 'yan watanni a koma a rage sabon toho.

A tarurrukan koyarwa akan tambaye mu, inuwa ba za ta kashe amfanin gona ba? Gawo dai yakan zubar da ganyensa da damina, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar ta wake, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Ɗorawa da kaɗanya suna da inuwa mai kauri, sai a ba su tazara, a rage rassan ƙasa. Kuɗin daddawa da man kaɗe kuwa yakan taimaki mata a shekarar da hatsi ya gaza. Masu garmar shanu su bar itatuwan a jere bisa kunya.

Abin da ya fi wuya shi ne yarjejeniya. Wanda ya ɗauki hayar gona ba zai reni itacen da wani zai sare ba. A Nijar ma aikin bai bunƙasa ba sai da manoma suka tabbata itacen nasu ne. Saboda haka mu zauna da mai unguwa, da masu gonaki, da makiyaya, da mata masu neman itace, a daidaita wa zai sare reshe, yaushe kuma.

Mai shakka ya gwada a kusurwa ɗaya ta gonarsa bana, ya kwatanta da sauran bayan damina uku. Gani ya kori ji. Allah ya ba mu damina mai albarka.